Araha Ba Ta Ado: Mu Kula Da Batirin Wayoyinmu

Tun shigowar wayar GSM Nijeriya a 2001, har yau wasu na riƙe da tsohuwar huɗubar cewa sai batir ya mutu murus kafin a sa shi a caji. Wannan shawara ta batiran nikel ce na da. Batirin litiyom na wayoyin yanzu, barinsa ya ƙare ƙaf rage masa kwana yake yi. Ya fi lafiya tsakanin kashi 20 da 80 cikin ɗari.

Babban maƙiyinsa kuwa zafi ne. Duk wanda ya ratsa tashar Kawo ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a watan Afrilu, ya ga wayoyi jibge a teburin masu caji, ga rana, ga jabun caja. Zafin da ya haura digiri 35 kan lalata batir, wanda ya kumbura kuma yana iya kamawa da wuta.

Ban ga laifin matasan nan masu neman halaliya ba. Rashin tsayayyiyar wutar lantarki ne ya kai mu gare su. Amma wajibi ne hukumar SON ta matsa wa masu shigo da jabu lamba, mu kuma mu daina sayensu. Allah Ya sa mu gane.