Albarushi Daga Rairayi

Rairayi irin na Gulbin Rima, wanda ya bi ta gefen kufan Alkalawa, shi ne tushen silikon. In aka huda silikon da ramuka ƙanana ƙwarai, aka cusa masa sinadari mai ba da oksijin, sai ya zama albarushi. Masanan Jami'ar Texas sun ga fashewarsa a 1992, na Munich a Jamus a 2001, Jami'ar Pretoria ma ta shiga binciken. Babban amfaninsa a ganinmu shi ne lalata na'urar soja in ta faɗa hannun abokan gaba. Ganin yadda 'yan bindiga suka addabi Sabon Birni da Isa, ya kamata kamfanin ƙera makamai na Kaduna, DICON, da jami'o'inmu su sa hannu.