RA'AYINMU: Dokoki biyu, wuya ɗaya: halin da mai sana'ar kare sirri a intanet ke ciki

Matashin da ya ƙware a harkar kwamfuta, ya tara ɗan jari, ya ƙuduri kafa kamfanin VPN ko manhajar aika saƙo a ɓoye a Najeriya, zai ga kasuwa a buɗe. Tun daga watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter na wata bakwai, jama'a suka san amfanin VPN. Sai dai kafin ya yi wa kamfaninsa rajista a CAC, yana da kyau ya nemi lauya, domin dokokin ƙasar nan biyu suna jan sa zuwa ɓangarori daban-daban.

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta masa kada ya tattara bayanin mutum fiye da buƙata, kada ya ajiye shi fiye da lokacin da ya dace, kuma idan aka yi masa kutse mai haɗari ga abokan hulɗarsa, ya sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Ita kuwa Dokar Laifukan Intanet ta 2015, a sashe na 38, cewa ta yi ya adana bayanan masu hulɗa da shi da na zirga-zirgarsu har tsawon shekara biyu, ya kuma miƙa wa jami'an tsaro idan sun nema. Ma'anar da dokar ta ba wa "mai samar da sabis" tana da faɗi ƙwarai, da wuya kamfanin VPN ya ce ba da shi ake ba. To, wanda hajarsa ita ce alƙawarin ba ya ajiye komai, me zai sayar? In ya cika alƙawarin, ya taka doka. In ya bi doka a asirce yana ci gaba da tallar ƙarya, ya yaudari masu sayen hajarsa, kuma wannan ma laifi ne.

Wasu sun riga shi faɗawa wannan rami. A 2013 Ladar Levison ya rufe kamfaninsa na imel, Lavabit, a Amurka, bayan hukumomi sun nemi mabuɗin sirrin da ke kare saƙonnin dukkan masu amfani da shi. A 2022 Indiya ta umarci kamfanonin VPN su adana bayanai na shekara biyar, sai ExpressVPN da NordVPN suka kwashe na'urorinsu daga ƙasar. Su suna da inda za su koma. Ɗan Kaduna mai ofis ɗaya a Wuse ba shi da wannan gata.

Ba mu musun cewa masu garkuwa da mutane da 'yan damfara suna fakewa da irin waɗannan manhajoji, kuma dole jami'an tsaro su sami hanyar bin sawunsu. Amma sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin wasiƙunsa da zantukansa na waya, kuma 'yan jarida da lauyoyi da likitoci da shi suke aiki.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Tarayya ta sake duba sashe na 38, ta fayyace ko ya shafi kamfanonin kare sirri, ta kuma shardanta umarnin alƙali kafin a karɓi bayanin kowa daga hannunsu. Kafin nan, NDPC da NCC su fitar da ƙa'ida guda a rubuce wadda mai son zuba jari zai karanta ya san matsayinsa.