Wayar da ba ta san akwai iyaka ba

Mutumin Mazanya ko Magama, a ƙaramar hukumar Jibiya, ƙasa biyu yake rayuwa a cikinsu: kasuwarsa ta kai Maraɗi, danginsa na Ɗan Isa, layinsa kuwa na Najeriya ne. Igiyar sadarwa ba ta tsayawa a shingen kwastam. Idan turken gida ya yi rauni, waya kan kama na Nijar da kanta, ba tare da ta nemi izinin mai ita ba. Daga nan kuɗin kira na iya komawa na wanda ya fita ƙasar waje, alhali mutum yana zaune a zauren gidansa.

Asarar kuɗin ma da sauƙi. Lambar Najeriya alƙaluma 11 ce da ke farawa da sifili, ta Nijar kuwa 8 ce. Wanda ya ajiye lambar ɗan'uwansa ba tare da +234 ba, da zarar wayarsa ta tsallaka, kiran na iya ƙin shiga. A yankin da 'yan bindiga suka addaba, har aka katse sadarwarsa a Satumban 2021 tare da wasu ƙananan hukumomin Katsina, kiran da bai shiga ba da tsakar dare maganar rai ce.

Masu kare Google da Apple za su ce akwai wurin zaɓen layi da hannu. Akwai, amma an binne shi can cikin saiti, inda sai mai gyaran waya ya tono shi. Sun yi maɓallin hana intanet aiki a ƙetare. Me ya hana su yi wa mazaunin iyaka maɓalli guda a fuskar waya, mai cewa a tsaya a layin gida, ko a tambaye shi kafin a tsallaka? Kamfanonin sadarwa na da nasu kason laifin, amma manhajar da ke tafiyar da waya ita ce ke yanke hukuncin a hannun mutum, kuma ita ce ta yi shiru.

Haka abin yake ga rubutunmu. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990. Duk da haka, a wayoyi da yawa, wanda ya rubuta "Danladi" a wurin bincike ba zai ga "Ɗanladi" da ya ajiye ba. Bafaranshe kuwa ya rubuta e, wayar ta kawo masa é, saboda an zauna an yi tunaninsa. Shi ya sa har malamai suka daina sa ƙugiya a sunaye, sai a juya a ce Bahaushe ne bai damu da ƙa'idar rubutunsa ba.

Ana kiran irin waɗannan "ƙananan kurakuran manhaja", kamar dai tsautsayi ne. Kuskuren da ya shekara goma ba a gyara ba, an ga wanda yake cutarwa ne aka ƙyale. Ko da an gyara ma, wa gyaran zai isa? A 2023 Google ya yi wa masu Pixel 8 alƙawarin sabunta manhaja na shekara bakwai. Ƙananan Tecno da Itel da suka cika kasuwar Jibiya ba sa samun ko kusa da haka, kuma ɗan abin da ya zo, sai mai waya ya sayi data daga aljihunsa kafin ya sauke shi.