Ku daina cewa yaran yanzu sun lalace

A majalisar da muke zama bayan la'asar nan Kore Mairuwa, da wuya a tashi wani dattijo bai ce yaran yanzu sun lalace ba. Wai ba su son boko, ba su ganin girman ƙuri'a, burinsu haƙar zinariya a Jado ko kabu-kabu a Legas. Ni malamin makaranta ne, na haura arba'in, kuma ban yarda da wannan hukunci ba.

Siyasar mutum daga abin da idonsa ya gani take fitowa. Iyayenmu sun ga zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da samariya ke gina ajujuwa, OPVN ke fito da hatsi in an yi fari, wanda ya gama makaranta kuma aikin gwamnati na jiransa. Shi ya sa suka riƙe gwamnati tamkar uba. Mu kuwa muna yara aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990, aka yi Taron Ƙasa a 1991, aka zaɓi Mahaman Usman a 1993. Sai muka ɗora zuciyarmu kan jam'iyya da akwatin zaɓe.

To, ɗan shekara ashirin fa, me ya gani? Ya ga malaminsa ɗan kwantaragi yana cin bashin gero kafin albashi ya zo. Ya ga wansa da takardar jami'a yana zaman kashe wando. Ya ga ɗan takara ya raba atamfa da sabulu, bai waiwayo ba sai bayan shekara biyar. Ya ji labarin juyin mulkin 1996 na Bare Mainasara, ɗan Arewarmu, da na 1999 da na 2010, sannan na 26 ga Yuli 2023 ya faru a gabansa. In ya ce ƙuri'a ba ta cika tukunya, da wace hujja za mu ƙaryata shi?

Sai dai akwai haɗari, kuma laifin namu ne. Yaron da ya yi murnar ficewar sojojin Faransa a Disamba 2023 yana da gaskiyarsa, ai jikan Sarauniyar Lugu ne. Amma in bai san cewa da jinin ɗalibai aka samo ƴancin tambayar mai mulki ina kuɗin ƙasa suka shiga ba, duk wanda ya hau zai yi wa tafi, ko soja ko farar hula.

Malamai ƴan uwana, mu koyar da 9 ga Fabrairu yadda muke koyar da yaƙin Lugu na 1899. Iyaye, mu bar yaro ya yi gardama da mu a kan tabarma, mu amsa masa da hujja maimakon tsawa. In muka rufe masa baki a gida, a TikTok zai je ya nemi amsa, wurin wanda bai taɓa taka Arewa ba.