A ɗauko wa ƙaramar hukuma manaja

Ranar Asabar ruwa ya tsare ni a wani lungu na Kpakungu a Minna, can bayan shataletalen hanyar Bida. Bai fi minti ashirin ana tsuga shi ba, amma kafin ya ɗauke kwata ta cika ta tumbatsa, ledojin fiya wata suna yawo har ƙofar shagon da na fake. Mai shagon ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki shebur ya shiga yasa. Na ce, "Malam, ba a zuwa yashe muku ne?" Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai sai zaɓe ya ƙarato."

Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa aikin ƙaramar hukuma: shara, magudanan ruwa, kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, rajistar haihuwa da mutuwa. Wanne ne a ciki yake buƙatar gwanin kamfen? Duk aikin wanda ya san lissafi ne, wanda ya san kwatar da ke toshewa duk watan Agusta. Tsofaffinmu har yau suna ba da labarin duba-gari na zamanin En'e, wanda ke leƙa randa da masai, ba ruwansa da wanda ya ci zaɓe.

Shawarata ke nan: mu zaɓi kansiloli kamar kullum, su tsara manufa, su amince da kasafi, sannan su ɗauko ƙwararren manaja bisa kwantiragi ya gudanar da aikin yau da kullum. In ya gaza, su sallame shi da ƙuri'a a zama guda. Ciyaman ya jagoranci majalisa, ya yi magana da yawun jama'a, amma ya cire hannunsa daga rabon kwangila da ɗaukar ma'aikata.

Wasu sun daɗe da yin haka. Garin Staunton na jihar Bajiniya a Amurka ya ɗauki manaja a 1908. Birnin Dayton ya rungumi tsarin bayan ambaliyar 1913 ta yi masa kaca-kaca, kuma yau manyan birane irin su Dallas da Phoenix a kansa suke tafiya. A Ailan ma birnin Cork ya fara a 1929. Mu kuwa a 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida, ɗan garin nan, muka sauko da tsarin shugaban ƙasa har ƙaramar hukuma. Ciyaman ya zama ɗan ƙaramin gwamna, wuƙa da nama a hannunsa, kansiloli suka koma 'yan amshin shata.

Maganar ta ƙara nauyi tun 11 ga Yuli 2024, ranar da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo. An yi ta murna, ni ma na yi. Sai dai in kuɗin sun sauka, a hannun wa za su faɗa? Mutumin da ya ci bashin kamfen, iyayen gida na jiransa a bakin ƙofa?

Na san abin da za a ce: gwamna zai cusa yaronsa a kujerar manajan. Zai iya, ba na musu. Shi ya sa dokar da za a kafa za ta tilasta a tallata gurbin a jarida, a tantance masu nema a bainar jama'a, kuma wa'adin manaja ya zarce na majalisar da ta ɗauke shi. Duk wata uku a manna abin da ya shigo da abin da aka kashe a allon sakatariya, da Hausa da Nupanci da Gwaranci.

Sashe na 7 na tsarin mulki ya bar wa jiha tsara fasalin ƙananan hukumominta, muddin majalisun zaɓaɓɓu ne. Saboda haka Majalisar Dokokin Jihar Neja ba sai ta jira Abuja ba. Cikin ƙananan hukumomi 25, ta fara gwadawa a Chanchaga da Bosso, inda mutanen Minna suka fi cunkushewa, na tsawon shekara uku, a riƙa auna aikin manajan duk ƙarshen damina.