Samarin Makarantun Mishan na Jalingo Ba Yaran Babur Ba Ne

Kowace shekara, idan damina ta yi nisa, samarin da suka kai aji shida a makarantun sakandare na ɗarikar Katolika da ke Jalingo sukan kammala jarrabawar WAEC da ta NECO, su ɗaure akwatunansu su koma gidajen iyayensu a Sintali da Kona da Mayo Gwoi da Magami. Tun kafin sakamako ya fito, sai wayar yayye da kawunnai mazauna Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal ta fara shigowa, maganar kuwa ɗaya ce: tun da yaro ya gama boko, a sa shi a mota ya taho, akwai babur da zai ja, akwai gidan da ake neman mai gadi. Babu shakka da kyakkyawar niyya ake yin wannan kira, amma duk da haka ɓarna ce babba, kuma lokaci ya yi da za a faɗa wa masu yin sa gaskiya ba tare da kwana-kwana ba.

Da farko ya kamata a san ko su wane ne ake kira. Duk wanda ya taɓa halartar bikin yaye ɗalibai a irin waɗannan makarantu ya san cewa aji ɗaya yakan tara halaye iri-iri. Akwai yaro shiru-shiru wanda ba ya son hayaniya, amma idan aka zo lissafi abokansa sukan kewaye shi kamar malami, burinsa kuwa ya zama injiniya. Akwai mai kaifin harshe, gwanin muhawara, wanda tun yana aji uku aka laƙaba masa lauya. Akwai wanda ya shekara shida yana kiwon kajin makaranta da kula da gonarta ba tare da an sa shi ba, shi kuwa likitan dabbobi yake so ya zama, a jihar da shanu suka cika tsaunin Mambila. Akwai jagoran mawaƙan coci, da kyaftin ɗin ƙwallo, da shugaban ɗalibai wanda ya iya sasanta faɗa tsakanin Mumuye da Jukun da Bafulatani da Tibi cikin Hausa tsantsa. Akwai kuma 'yan kaɗan da suka ƙudurta zama Fada, waɗanda hanyarsu a share take zuwa babbar makarantar horon limaman coci. Sauran, waɗanda su ne mafi yawa, su ne wayar Kurmi take farauta.

Waɗannan makarantu ba daga sama suka faɗo ba. A shekarar 1940 limaman ƙungiyar Augustine, mutanen ƙasar Ailan, suka iso lardin Adamawa, wanda a lokacin ƙasar Muri ke cikinsa, suka riƙa kafa coci da aji a gefensa. A shekarun 1970 gwamnatocin soja suka karɓe makarantun mishan a sassa da yawa na Nijeriya, daga baya coci ya sake gina nasa. An ƙirƙiro Jihar Taraba a 1991, aka kuma ba Jalingo nata Bishop a 1995. Makarantar Sacred Heart da ke Jauro Yinu, inda ake fara horon masu niyyar zama Fada, ta ga tashin hankali a watan Mayu na 2018 sa'ad da 'yan bindiga suka afka mata cikin dare suka raunata mutane. Gwamnatin jihar ta ba da sanarwar ilimi kyauta a makarantunta na firamare da sakandare a 2023, amma makarantar mishan da kuɗi ake shigarta. Ke nan duk yaron da ya fito daga cikinta, akwai uwar da ta sayar da doya da gyaɗa, akwai uban da ya rabu da akuyarsa, zango bayan zango har shekara shida. Wanda ya ɗora wannan yaro a kan babur ya zubar da guminsu a kwalta.

Mai shakkar inda irin wannan karatu yake kai mutum ya dubi Ignatius Kaigama. An haife shi a Kona, nan bakin Jalingo, a 1958. Ya zama Fada a 1981, ya yi karatu mai zurfi a birnin Rum, ya zama Bishop na farko na Jalingo a 1995, aka ɗaga shi zuwa Jos a 2000, sa'an nan Abuja a 2019. Da a ce ranar da ya gama sakandare wani kawunsa ya kira shi tsaron ƙofar wani attajiri a Apapa, da ƙasar Muri ta yi asarar da ba wanda zai taɓa sanin an yi ta. Irin wannan asara marar shaida ita ake yi kowace shekara.

To, me ke jiran yaro a ƙarshen tafiyar da ta wuce kilomita 1,000? 'Yan ci-rani sun fi kowa sani. A watan Fabrairu na 2020 gwamnatin Ikko ta hana acaɓa a manyan sassan birnin. A ranar 1 ga Yuni, 2022 ta sake ƙarfafa hanin a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da tsibirin Ikko da Mainland, bayan 'yan watanni ta ƙara da Mushin da Oshodi da Shomolu da Kosofe. Baburan da aka kama kuwa an murƙushe su da injin a bainar jama'a. Sana'ar da hukuma take farauta dare da rana, wadda babu fansho a cikinta, babu inshora, wadda haɗari ɗaya yake raba mutum da ƙafarsa, ita ce ake miƙa wa yaron da ya ci kiredit a kimiyya da lissafi a matsayin gata.

Wannan magana ba raini ba ce ga ɗan acaɓa ko mai gadi ko mai shayi. Guminsu halal ne, kuma da kuɗin da suke aikowa ake rufa gidaje da kwano a Sintali, ake sayen taki, ake kai marar lafiya asibiti. Sai dai yawancinsu sun shiga wannan wahala ne domin ba su sami wanda zai riƙe su a makaranta ba. Mutumin da rana ta dafa shi shekara goma a kan titin Agege, idan wahalarsa ba ta fanshi ƙanensa daga wannan titi ba, to me ta saya?

Masu kiran suna da hujja, kuma ba za a ƙi sauraronta ba. Sukan ce ga masu digiri nan birjik suna yawo da takardu babu aiki, ga malaman jami'a sun yi yajin aiki na wata takwas a 2022, ga gida babu abinci yau, babur kuwa yau yake kawo kuɗi. Duk wannan gaskiya ne. Amma mai digirin da ya rasa aiki yana iya hawa babur gobe in ta ƙure, alhali ɗan acaɓan da ya bar karatu yana shekara goma sha takwas da wuya ya sake komawa aji, domin aure da haya da bashi sun riga sun ɗaure shi. Ban da haka, makaranta ta zo har ƙofar gida. An kafa Jami'ar Jihar Taraba a cikin Jalingo a 2008, da Jami'ar Tarayya a Wukari a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Zing, ga Kwalejin Aikin Gona ta Jalingo. Ɗan Sintali yana iya kwana a ɗakin uwarsa ya tafi lacca da safe. Tun 2024 kuma akwai asusun bashin karatu na gwamnatin tarayya ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Abin da ya rage shi ne kuɗin fom ɗin JAMB, da na rajista, da na littafi, wanda jimlarsa a shekara ba ta kai farashin sabon babur ba.

Wani mai karatu zai ce wannan batun Kirista ne, bai shafe shi ba. Wannan kuskure ne. A Kurmi ba a tambayar ɗan Arewa ko coci yake zuwa ko masallaci kafin a kira shi Aboki, kuma ranar kamen babur ba a ware na kowa. Likitan da zai fito daga makarantar mishan, idan ya kama aiki a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo, ba zai tambayi addinin mai naƙuda ba. Haka nan duk abin da aka faɗa a nan game da ɗan mishan ya hau kan ɗan makarantar gwamnati da ɗan Islamiyya daidai wa daida.

Mutanen da 'yan ci-rani suke zaune a cikinsu sun daɗe da gane wannan. A 1938 ƙungiyar ƙabilar Ibibiyo ta tara kuɗi daga aljihun talakawanta ta aika samari shida karatu ƙasashen waje. A 1955 Cif Awolowo ya buɗe firamare kyauta a Jihar Yamma, 'ya'yan wannan tsari da jikokinsu su ne masu gidajen da ake yi wa gadi a yau. Ko ɗan kasuwar Anaca idan ya ɗauko yaro daga ƙauye, akwai sharaɗi: bayan shekarun da aka yanka, zai sallame shi da jari. Ɗan Arewa kaɗai ake kira babu wa'adi, babu sallama, babu rubutu.

Laifin bai tsaya a kan 'yan ci-rani ba. 'Yan siyasar da ba su tuna da samarin Sintali sai lokacin zaɓe, su raba musu riga da ɗan abin shan ruwa domin su yi musu ihu, suna da nasu kaso. Shekara da shekaru ana yi wa Taraba alkawarin wutar Mambila mai ƙarfin megawat 3,050, aikin yana nan a takarda; ko da an tashi yin sa, in babu injiniyoyi 'yan ƙasa, 'ya'yan jihar haƙa rami za su yi. Hukumomin coci su ma bai kamata kulawarsu ta ƙare a kan wanda zai sa farar riga ba. Yaron da ya fasa zama Fada ɗansu ne, yana da hakkin a nuna masa hanya kafin a rufe ƙofa a bayansa.

Gyaran kuwa yana hannun masu wayar. Kowace ƙungiyar 'yan Taraba da ke Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal tana da adashi, tana da asusun biki da na kai gawa gida. Babu abin da zai hana ta buɗe asusun karatu, ta ɗauki yaro ɗaya ko biyu a shekara, ta nemi ganin sakamakonsa a kowane zango. Sarakunan Hausawa na zangon Agege da Sabon Badun suna da bakin da za su yi wannan kira a ji. Yaron da jarrabawa ta ƙi shi, a biya masa ya sake zama. Wanda hannunsa ya fi kansa kaifi, a kai shi koyon walda ko gyaran lantarki, da wa'adi da shaidu. Bana idan sakamako ya fito, wanda ya ɗauki waya daga Kurmi ya fara da tambayar kiredit nawa yaro ya samu, da abin da yake so ya karanta, sa'an nan ya aika da kuɗin fom maimakon kuɗin mota.