Jirgin da ba ya daɗewa a hannun mai shi

A makon jiya, muna zaune a majalisarmu ta Darmanawa bayan sallar Isha'i, wani maƙwabcina, dillalin motoci ne da ke da fili a wajen Gyaɗi-Gyaɗi, ya miƙo mini wayarsa. Hoton wani jirgin ruwa ne na gudu, fari fat, mai dogon hanci, da manyan injuna biyu rataye a bayansa. Ya ce a Legas aka sa shi kasuwa, kuma kuɗin da aka yanka bai kai na wata jif da ya sayar da azumi ba. "Dakta, ka ga banza ta faɗi," in ji shi. Na tambaye shi hannu nawa jirgin ya bi. Ya ce shi ne zai zama na huɗu.

Nan na ce masa ya dakata. Shi da kansa ba ya sayen motar da ta yi iyayen gida uku a ɗan ƙanƙanen lokaci sai ya kira bakanike ya shiga ƙarƙashinta.

Masu irin waɗannan jirage, daga Miyami ta Amurka, inda Don Aronow ya yi suna da ƙirar Cigarette, har zuwa gaɓar Ikoyi, suna yawan rabuwa da su ne saboda dalilin da duk Bakano mai doki ya sani. Kuɗin sayen doki sau ɗaya ake biya. Dawa da harawa da ɗan barga kuwa kullum ne, alhali hawan bai wuce na Sallah biyu da 'yan bukukuwa ba. Injin mai ƙarfin doki 300, idan aka sake masa wuta gaba ɗaya, yana shan kusan lita 100 ta fetur a sa'a guda. Biyu ke nan lita 200. Mai karatu ya lissafa da farashin da muke sayen mai tun bayan cire tallafi a 2023. Sannan ana yi wa injin juye duk bayan kimanin sa'a 100 na aiki, a wanke cikinsa da ruwan daɗi duk lokacin da aka dawo daga teku, domin gishiri yana cin ƙarfe ko jirgin na tafiya ko yana ɗaure. Kayan gyaran duka da dala ake shigo da su.

Amma inji ana iya sauke shi a ɗora wani. Abin da ya fi damuna shi ne gangar jikin. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka jirgin da ke tsalle daga igiyar ruwa zuwa wata a guje, kowace saukarsa tamkar duka ce da guduma. Jikin faiba ne, wato zaren gilashi da aka haɗa da wani irin danƙo, kuma a jirage da yawa akwai katako a tsakiyar bangon baya inda ake ɗaure inji, da cikin haƙarƙarin da ke riƙe da ƙasan jirgin. Ruwa kan sulala ta ramukan kusoshi ya shiga katakon, ya ruɓar da shi a hankali, waje kuwa yana ta ƙyalli. Shi ya sa ƙwararrun masu duba jirgi suke bin jikin da ƙaramar guduma suna sauraron sauti, suna kuma auna danshi da na'ura. Mai jirgin da ya ji sautin ya sauya yakan sa a shafa sabon fenti, ya kira dillali.

Wani zai ce ina ruwan Kano da wasan attajiran bakin teku? Ni ma da haka na ɗauka, ko da aka yi tseren jiragen lantarki na E1 a Legas a watan Oktoban 2025 ban bi ta kansa ba. Sai dai mu ma muna da ruwa, kuma yana cin mutanenmu. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgin fito ya kife a madatsar ruwa ta Watari, tsakanin Badau da Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. A watan Mayun shekarar, wani jirgi ɗauke da fiye da mutum 150 ya dare a kogin Kwara a kan hanyarsa ta zuwa Warra a Jihar Kebbi, 'yan kaɗan ne suka tsira. Allah Ya jiƙansu. Lodi ya yi yawa, babu shakka, amma jirgin da ya dare biyu jikinsa ne ya gaza.

Maganin da hukumomi suka fi ambata yanzu, har da Ministan Harkokin Teku Adegboyega Oyetola, shi ne a bar jiragen katako a koma na faiba da na alminiyom. Ban ƙi ba. Tambayata ita ce: wa zai riƙe su? Jirgin katako, duk da aibinsa, ciwonsa a fili yake. Idan ya fara yoyo matuƙi yana gani, kuma kafintan da ya ƙera shi yana nan a Yawuri ko a ƙauyen gaba, ya cire allo ya sa wani. Na faiba kuwa yakan ɓoye ciwonsa, kuma ɗinke shi na buƙatar danƙo da zare da hannun da ya koyi aikin. Matuƙin da abin da yake karɓa a hannun fasinja bai taka kara ya karya ba, idan attajirin Ikoyi ya gaji da ɗawainiya, shi yaya zai yi? Zai liƙe tsagar da abin da ya samu, ko ya sayar wa na ƙasa da shi. Tsoron da nake ji ke nan: kada dokar hana katako ta mayar da kogunanmu da madatsunmu juji na jiragen da suka gama yawo a kudu, masu sabon fenti da ruɓaɓɓen ciki, kamar yadda titunanmu suka cika da gajiyayyun motocin Beljiyam.

Saboda haka duk gwamnatin da za ta raba jirage, ta rubuta kuɗin gyaransu na shekara-shekara a kasafin da ta saye su, ta kuma ɗauki matasan garuruwan bakin ruwa ta tura su koyon aikin faiba da na inji. Kwalejin kiwon kifi ta tarayya da ke New Bussa tana kusa da tafkin Kainji, kwalejojinmu na fasaha kuma ba su rasa ɗakunan aiki ba. Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997, ita ke da alhakin rajistar jiragen cikin gida. Ya kamata kowane jirgin fito ya kasance da littafi da ke nuna shekarar ƙirarsa, da hannayen da ya bi, da ranar da aka duba jikinsa, kuma kada a sauya mai shi sai an sake dubawa. Sarakunan ruwa sun san kowane jirgi da ke mashigarsu, a sa su cikin aikin a ba su alawus.

Shi kuwa maƙwabcina, da na gama dogon bayanina, ya ce dama ba hawa zai yi ba. Akwai wani a Tiga da yake ganin zai saya, ya riƙa ɗaukar masu yawon shaƙatawa ranar hutu. Na roƙe shi, kafin ya tura ko sisi, ya nemi wanda zai bi bangon bayan jirgin da guduma. Ya ce zai tambayi nawa ake biyan mai dubawar.